Kowa Ya Zama Mai Sharhi, To Ina Manazarta?

Babu wani zamani da Bahaushe ya yawaita magana a kan fim da waƙa da littafi kamar wannan da muke ciki. Sabon kashi na shiri mai dogon zango zai hau YouTube bayan magariba, kafin a kwanta barci an yanke masa hukunci iri-iri a Facebook da TikTok. Amma in ka zauna ka tankaɗe maganganun, abin da ya shafi aikin kansa bai taka kara ya karya ba. Yawanci yabon jarumi ne, ko tsine wa jaruma, ko gardamar wanda ya fi wani mota, ko labarin wadda aurenta ya mutu. Shin aikin ya yi kyau, kuma da wace hujja? Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Dutse, a Takur nake zaune, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yaran da nake koya wa jigo da salo da safe su ne suke cikin wannan hayaniya da dare.

A bakin layinmu akwai shagon cajin waya da tura fina-finai. Mai shagon yana zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta a jikin tef, janareto yana ruri a waje. Yaro zai miƙo waya ko memori ya ce, "Oga, me ya fito mai zafi?" Shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi: "Akwai ci gaban wancan, akwai sabuwar fassarar Indiya. Wannan kam kar ka ɓata kuɗinka, surutu ne kawai." Da wannan magana guda an binne aikin da tarin mutane suka kwashe makonni suna yi a rana, ko kuma an ɗaga shi. A unguwarmu babu farfesan da maganarsa ke da tasirin ta mai shagon nan. Ba na raina shi ko kaɗan, ya fi ni kallon fim nesa ba kusa ba, kuma yana da ido. Sai dai ma'auninsa guda ne: abin da aka fi tambaya shi ne mai kyau, tunda da shi yake cefane.

A cikin gida kuma littafi ne yake ci. Matan aure da 'yan mata da yawa suna karanta labarai a zaurukan WhatsApp. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, in labarin ya kama mutane sai ta ce mai son ci gaba ta tura kuɗi ta asusun banki a saka ta a zaure na musamman. Kusan kowane dare ana sakin shafi, a ƙarƙashinsa marubuciya ta ce tana jiran sharhi, in ba a yi ba za ta dakata da rubutu. Wata ƙanwata ta nuna mini irin sharhin da ake yi. "Allah ya ƙara basira, Anti." "Wallahi Hajiyar nan muguwa ce, Allah ya isa." "Don Allah a riƙa ƙara mana yawa." Rannan sai wata mai karatu ta rubuta, cikin ladabi da sallama, cewa yarinyar da aka ce marainiya ce tun farkon labari ga mahaifinta ya ɓullo a tsakiya ba tare da wani bayani ba, kuma an yi shafi uku ana lissafa kayan lefe labarin yana tsaye cik. Kafin gari ya waye an cire ta daga zauren. Masoyan marubuciyar suka raka ta da cewa hassada ce ke cin ta, in ta isa ta rubuta nata a gani.

Baiwar Allahn nan, ko ta sani ko ba ta sani ba, aikin manazarci ta soma. Manazarcin da nake nufi, wanda malaman jami'a ke kiran aikinsa tarke ko feɗe adabi, mutum ne da ya karanta da yawa, ya kalla da yawa, ya san abin da aka yi jiya da shekaranjiya, sannan ya ɗauki aiki guda ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya fito fili da sunansa na yanka ya ce ga inda ya yi kyau, ga inda ya gaza, ga kuma dalilina. Dalilin shi ne kan gaba. Wanda ya ce "fim ɗin nan bai yi ba" ya faɗi abin da ke ransa, kuma yana da ikon faɗa. Wanda ya ce bai yi ba domin an gina rigimar gidan gaba ɗaya a kan wata magana da miji da mata za su iya warwarewa a zama ɗaya, kuma ba a nuna mana abin da ya hana su zaman ba, wannan ya ba ka abin da za ka koma ka duba da idonka, ka yarda ko ka musa. Kayan wannan aiki kuwa muna da su a Hausa tuntuni. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya bar mana tarihin rubutunmu cikin Hausa a Rubuce tun 1988. Duk wanda ya karanta Hausa a kwalejin ilimi ko jami'a ya yi hadda a kansu kafin jarrabawa.

Wanda ya haura shekara arba'in da 'yan kai zai tuna cewa mun taɓa ganin wannan aiki ana yin sa a bainar jama'a, kuma da zafinsa. A tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya da buga ƙagaggun labarai, sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, galibi a Kano. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya shiga kusan kowane gida. Ga Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ga Bala Anas Babinlata, ga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, littattafan nan suna yawo hannu zuwa hannu a makarantun kwana, ana ba da hayarsu, ana ɓoye su a ƙarƙashin katifa.

Sai Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya fito a jaridar Nasiha ya ce akalar adabin Hausa ta karkace. Shi ne ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Onica da suka yi tashe a kudu suka shuɗe. Marubutan suka harzuƙa, suka ɗauki alƙalami suka mayar da martani. Ibrahim Sheme ya buɗe wa muhawarar fili a shafukan adabi da yake kula da su, har ta kai jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako a ƙarshen shekarun 1990. A nan ne Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda asalin fagensa koyar da kimiyya ne, ya shigo a 1999 yana kare marubutan, ga kuma Yusuf Adamu, wanda shi kansa marubuci ne. An yi shekaru ana gwabzawa. An yi zafin kai, an ɓata wa juna rai, amma kowa da sunansa ya fito, kuma kowa sai ya kawo littafi ya buɗe shafi kafin a saurare shi.

Abu guda daga wannan muhawara ya isa ya nuna amfanin manazarci. Babban zargin da ake wa marubutan soyayya shi ne suna kwasowa daga fina-finan Indiya. Sai masu kare su suka ce, to a duba Abubakar Imam, wanda kowa ke ɗauka uban ƙagaggen labarin Hausa. Ruwan Bagaja, da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, yana da tushe a littattafan Larabci da Imam ya karanta. Magana Jari Ce kuwa cike yake da labaran da aka ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, har da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm. Amma wa ya taɓa karanta Magana Jari Ce ya ji ƙanshin baƙunta? Imam ya narka abin da ya aro har ya koma na gida, da sarakunansa da fadawansa da bakin maganarsa. Daga nan tambayar ta sauya. Aka daina tsayawa a kan ko marubuci ya yi aro, aka koma duba yadda ya sarrafa aron. Mutumin da bai karanta Imam ba, bai san Alfu Laila ba, bai kalli fim ɗin Indiyan da ake zargi ba, ba zai taɓa iya juya muhawara haka ba, ko da mabiyansa a Facebook sun kai miliyan.

A ganina kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya. Malumfashi ya yi daidai da ya yi kuka da gaggawa, da rashin tacewa, da watsi da ƙa'idojin rubutu, kuma wannan ciwo har yau bai warke ba, ya ma ƙaru a waya. Amma cikin tarin littattafan akwai waɗanda suka ɗauki maganar auren dole da karatun 'ya mace da zaluncin gidan miji suka kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba yana cikinsu. Alhaki Kuykuyo Ne nata kuwa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Ba domin an yi waccan gardama ba, da wuya a tsaya a ware tsaba daga tsakuwa. Da an yi musu kuɗin goro, ko dai a yabe su duka ko a tsine musu duka.

Fim ma ya samu nasa rabon. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harka ta bunƙasa har ta haifi mujallu. Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fito a 1998, kuma a cikinta sunan Kannywood ya fara bayyana. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya a watan Maris na 1999. Akwai tsegumi a cikinsu, babu musu, amma akwai edita da ke tsaye tsakanin marubuci da mai karatu, wanda zai ce kawo hujja kafin a buga, kuma in an yi kuskure an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin ina yawan jin sa a majalisa. Mutane suna cewa ai akwai hukumar tace fina-finai, me kuma ake nema? Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Aikinta ta duba ko abu ya halatta a nuna wa jama'a: shiga, rawa, kalamai, abin da ya taɓa addini da tarbiyya. Wannan aiki ne mai muhimmanci, kuma ni uba ne, ba zan ce a bar komai sakaka ba. Amma fim zai iya wucewa ta hannun hukuma tsaf, babu tsiraici babu ashar, ya kuma zama ɓata lokaci. Zai iya nuna kowane ɗan ƙauye a matsayin wawa, kowace uwar miji a matsayin mai bin bokaye, kowane mai kuɗi a matsayin wanda ba a tambayar inda ya samo. Babu sashen doka da ya hana wannan, kuma ba aikin hukuma ba ne ta hana. Aikin wanda zai zauna ya nuna wa jama'a abin da ake ɗura musu ne. In babu shi, al'umma ba ta da abin da za ta yi wa aikin da bai gamshe ta ba sai haramtawa. Mun gani a 2007, lokacin da aka tattaro littattafan soyayya daga hannun ɗalibai mata aka ƙona a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a shekarar aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Wutar ba ta tambayi wanne ne mai kyau a cikinsu ba, kuma ba ta koya wa marubuci ko ɗaya yadda zai gyara ba.

Sannan waya ta zo ta sauya komai. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, satar fasaha da tura fim a memori suka gama da ita. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka saba wa mutane da shiri mai dogon zango, daga 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa ana iya tara dubban ɗaruruwan masu kallo a YouTube. Yana da kyau mai karatu ya san yadda kuɗin wannan sabuwar kasuwa yake shigowa, domin shi yake juya labarin da yake kallo. A YouTube, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla ta hanyar da aka saba, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya. Ke nan yawan mintuna da yawan kashi su ne riba. Shi ya sa za ka ga an nuna mota tun daga buɗe get har ta fita layi, an nuna gaisuwa tun daga sallama har tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, labarin da zai ƙare a kashi goma a ja shi zango bayan zango. Furodusa ba mugu ba ne, lissafi yake yi. Haka marubuciyar WhatsApp, in labari ya ƙare kuɗi ya tsaya, dole ta riƙa jan zare. Wanda zai ja su baya shi ne mai cewa a fili, da hujja, zango na uku bai ƙara komai a kan na biyu ba. In babu mai faɗa, lissafin kuɗin ne kaɗai zai yi magana.

Su kansu shafukan sada zumunta an gina su ne su tura wa mutane abin da ya fi tayar da ƙura. Bidiyon minti ɗaya na wani yana zagin jaruma zai zagaye Arewa kafin rubutu mai natsuwa ya samu mutum hamsin. Ga kuma masu manyan shafuka da ake biya su yabi sabon fim, su kira abin sharhi, ba tare da sun ce talla ce ba. Wannan ya fi zagin illa, saboda yana cinye amanar da sharhi ke rayuwa a kanta.

Ba a rasa masu ƙoƙari ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu yana rubuta dogayen bayanai a Facebook a kan fim da waƙa da tarihinsu. Dokta Muhsin Ibrahim, da ke koyar da Hausa a Jami'ar Kolon ta Jamus, ya daɗe yana bitar fina-finan Kannywood, ya kuma fitar da littafi a kansu a 2018. Habibu Ma'aruf Abdu yana bin sababbin fina-finai yana rubutu a kansu. Carmen McCain, wadda 'yan fim ke kira Talatu, ta yi shekaru tana da shafi a jaridar Weekly Trust. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 takan ba alƙalanta dama su bayyana abin da ya sa labari ya yi zarra, kuma na ga 'yan mata sun ƙaru da wannan ɗan bayani. Sai dai kaso mai yawa na wannan aiki da Ingilishi ake yin sa. Mai shagon layinmu ba zai gan shi ba, ƙanwata da ƙawayenta ba za su gan shi ba, galibin masu shirya fim ɗin ma sai an fassara musu, kuma mai fassarar yakan tsinci inda aka soke su ne kawai ya kai musu.

Babban ƙorafina yana kan jami'o'inmu, kuma ina faɗa ne da girmamawa, domin su suka koyar da ni. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan littattafai da fina-finai da mawaƙa, a ɗaure su da baƙin bango a jera a kanta, ƙura ta rufe. Ana buga maƙalu a mujallun ilimi irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano da Ɗunɗaye a Sakkwato, waɗanda malami ke rubutawa malami ya karanta. Dalilin a bayyane yake: da maƙalar mujallar ilimi ake ƙarin girma, awa guda a gidan rediyo ba ta ƙara wa malami ko mataki ɗaya. Ga kuma harshen da ake rubutun da shi, Hausa ce amma cike da kalmomin fannu da sunayen ra'o'in Turawa, har mai digiri a wani fanni sai ya yi gumi. Ilimin yana nan jibge, jama'ar da aka yi nazarin abin da suke kallo ba su san an yi ba.

Akwai kuma tsoro, kuma ba na ganin laifin mai jin sa. Duniyar adabi da fim ta Arewa ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wanda za ka soki littafinsa yau, gobe za ku haɗu a ɗaurin aure, ko ka tarar abokin yayanka ne. Kunya da kara, waɗanda ado ne a wurinmu, a nan sukan ɗaure harshe. In ka tsallake wannan, ga rundunar masoya da za su yi maka ca, su tono iyayenka. In ka tsallake su, ga barazanar ƙara. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan masu rubutu. Mu a Dutse ba labari aka ba mu ba: a watan Nuwamba na 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka tafi da shi Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai daga baya aka janye ƙarar. Maganarsa ba ta adabi ba ce, kuma ba irin lafazin da zan koya wa ɗalibi ba ne, amma duk mai riƙe da alƙalami a garin nan ya ɗauki darasi. Garkuwar manazarci ita ce ya tsaya a kan aikin, ya bar mutuncin mai aikin da iyalinsa, ya kuma riƙe hujjar kowace jumla da ya rubuta.

Ko a ƙasashen da wannan sana'a ta kafu, intanet ta girgiza ta. A Amurka Roger Ebert ya yi bitar fina-finai a jarida guda a Shikago daga 1967 har rasuwarsa a 2013, a 1975 kuma ya zama mai bitar fim na farko da ya samu lambar Pulitzer. Yau jaridu da yawa a can sun rage irin waɗannan ma'aikata, mutane sun koma duba maki a Rotten Tomatoes da taurari a Goodreads. Su suna kukan rushewar ginin da suka daɗe da shi. Mu namu bai wuce tushe ba guguwar ta same shi.

Saura maganar da ake jifan kowane mai suka da ita: "Kai me ka taɓa yi?" Dillalin dabino a kasuwar Shuwarin ba lallai ne yana da bishiya ko ɗaya ba, amma in ya ɓare guda ya duba ya ce wannan buhun ƙwaro ya shige shi, manomi mai hankali ba ya cewa ina taka gonar, komawa yake ya duba rumbunsa. Yin abu fasaha ce, auna shi ma fasaha ce, kuma ba kullum suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Wannan ba ya nufin manazarci ya fi kowa sani. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, in ana kallon fim aka zo wurin asibiti takan nuna kurakuran da ni ba zan taɓa gani ba, daga yadda aka ɗaura ruwa har yadda likita ke sanar da mutuwa. Lauya yana ganin nasa a wurin kotu, manomi yana ganin nasa in an nuna gona. Alherin waya ke nan, ta ba duk waɗannan baki. Manazarci na gari zai saurare su, ya tattara abin da suka gani, ya ɗora shi a kan abin da ya sani na tarihi da tsarin labari. Yakan yi kuskure, shi ya sa ake so ya sa sunansa ya kuma baje hujjarsa, domin a samu inda za a kama shi.

Wani aikin nasa da ba a cika lura da shi ba shi ne adana tarihi. Littattafan shekarun 1990 takarda ce, manazarci Graham Furniss ya tara ɗaruruwansu a Landan, kuma rubuce-rubucen masu muhawara sun riƙe mana sunayensu. Na yau fa? Labari yana cikin zauren WhatsApp, waya ta lalace ko zaure ya watse, shi ke nan. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ta rufe a 2023. A cikin matan da ke rubutu a waya yanzu na tabbata akwai masu baiwar da ta kai ta Balaraba, na karanta shafukan da suka tsayar da ni. In babu wanda ya ware su ya rubuta a kansu, nan da shekara ashirin ko sunansu ba za a tuna ba.

Dutse ba ta da uzuri. Muna da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel, dukkansu akwai malaman harshe da adabi a cikinsu. Muna da Rediyo Jigawa, muna da Freedom Rediyo. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba: rabin awa a mako, littafi ɗaya ko fim ɗaya ko waƙa ɗaya, a gayyato wanda ya karanta ko ya kalla har ƙarshe ya feɗe shi da Hausar da mai shayi zai gane. Mako mai zuwa a ba mai aikin dama ya kare kansa. Gidan rediyon ne zai biya manazarcin haƙƙinsa, ko kwabo kada ya fito daga aljihun furodusa ko marubuci. A yanka shirin gajere-gajere a watsa a Facebook da WhatsApp, inda mutanen suke. Shugabannin jami'o'in kuma su sa irin wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, tunda hidima ga al'umma tana cikin abin da aka kafa jami'a dominsa.

Marubuta da masu shirya fim, wanda ya bi aikinku har ƙarshe ya nuna muku inda ya yi rauni ya fi ƙaunarku a kan mai turo muku hoton wuta bai ko gama kallo ba. Ku daina korar sa daga zaure. Kai kuma mai karatu, in ka ci karo da wanda ya yi sharhi da hujja, ko ba ka yarda da shi ba, ka karanta har ƙarshe, ka amsa masa da taka hujjar, ka kuma tura wa wani.